Yadda ake kiwon kajin Ko-Shamo na Japan, daga zaɓen iri zuwa rainon 'yan tsaki

Ko-Shamo ƙaramar kaza ce ta ado daga ƙasar Japan. Zakaranta bai cika wuce kilo 1 ba, macen kuma tana kaiwa wajen giram 800, amma idan ya miƙe ya turo ƙirji sai ka rantse ya ninka haka. Danginsu kajin Shamo ne, waɗanda kakanninsu suka shiga Japan daga ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, a farkon zamanin Edo da ya fara a 1603. Asalinsu kajin faɗa ne. Da tafiya ta yi tafiya masu kiwo suka rarraba su: akwai O-Shamo, babban da zakaransa kan haura kilo 5, akwai Chu-Shamo matsakaici, sai ƙanana irin su Ko-Shamo da Nankin-Shamo, da Yamato Gunkei mai kaurin fata da tattararriyar fuska. A 1941 gwamnatin Japan ta sanya Shamo cikin halittun da doka ta ba kariya a matsayin gadon ƙasa.

Ba don faɗa ake ajiye Ko-Shamo ba, ba kuma don nama ko ƙwai ba. Don siffa ake ajiye shi. Kyawunsa kuwa a ƙashi da tsoka da tsayuwa yake, gashi ba ya ɓoye masa aibi ko ɗaya. Wannan ne ya sa kiwonsa ya bambanta da na sauran kajin ado: duk kuskuren da aka yi a abinci ko wurin kwana ko haɗin iri, jikin kazar zai tona shi a fili.

Siffar da ake nema

Kafin ka ba da kuɗi, ajiye zakaran a ƙasa ka ja baya ka dube shi ta gefe. Masu kiwo suna kasa tsayinsa kashi uku daidai: kai da wuya kashi ɗaya, gangar jiki kashi ɗaya, ƙafafu kashi ɗaya. Idan ɗaya ya rinjayi sauran, siffa ta ɓaci, komai kyan launinsa. Ya tsaya a miƙe ƙyam, bayansa ya gangaro ƙasa, kafaɗu su fito sama su buɗe su zama su ne wuri mafi faɗi a jikinsa, jikin ya riƙa tsukewa zuwa wutsiya.

Kan ya zama babba mai faɗi, da gira mai kauri da ta rufo ido. Idon fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske. Ido mai duhu ko ja aibi ne ga babban zakara, ko da yake na ƙanana kan yi haske ne a hankali yayin da suke girma, don haka kada a yi gaggawar yanke hukunci. Baki gajere mai kauri. Zanko ƙarami, dunƙulalle, manne da kai. Leɓa kuwa kusan babu ita, sai jar fatar maƙogwaro mai kauri da ta sauko wuya.

Gashin gajere ne, mai tauri, kwance a jiki, kuma bai wadata ba. Za ka ga jar fata tsirara a kan ƙashin ƙirji da gwiwar fiffike da kewayen dubura. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka cuta ce ko ƙwarƙwata ta cinye gashin, alhali haka ake son sa. Fukafukan gajeru ne, wutsiya ma gajera, ta lanƙwasa ƙasa kamar ta jatan lande. Ƙafafu masu kauri, ɓawonsu a jere tsaf, yatsu huɗu a miƙe, na baya ya taka ƙasa sosai.

Daga nan sai ka ɗauke shi. Ko-Shamo na ƙwarai ya fi yadda ido ya ƙiyasta nauyi, tsokarsa a ɗaure take. Bi ƙashin ƙirji da yatsa ka tabbatar bai karkace ba. Buɗe baki ka duba ko akwai farin kumburi ko wari, ka saurari numfashi, ka ɗaga gashin dubura ka nemi ƙwarƙwata. Wanda ya kasa a lafiya a bar shi ko da siffarsa ta kai ta kawo, domin irin nan dama ba shi da yawan haihuwa, ba ya jure a ƙara masa rauni.

Macen ta cancanci a dube ta da irin wannan idon, ko ma fiye. Mutane da yawa kan zuba kuɗi a zakara su haɗa shi da duk macen da ta samu, sai 'ya'yan su fito da siririn kai da doguwar wutsiya. Nemi mace mai faɗin kai, kaurin ƙafa da tsayuwa a miƙe. Launi shi ne abu na ƙarshe: akwai ruwan alkama, baƙi, fari, da masu ɗige-ɗige, duk karɓaɓɓu ne.

Duk kazar da aka sayo a killace ta ita kaɗai kwana 30, nesa da sauran, da mazubin abinci da na ruwa nata daban. Wanda zai shigo da kaji ko ƙwai daga wata ƙasa sai ya fara neman izinin hukumar kula da lafiyar dabbobi, saboda dokokin murar tsuntsaye.

Akurki

Ƙa'ida ta farko: zakara biyu ba sa zama wuri ɗaya. Ƙanƙantarsu ba ta rage musu zuciya ba, idan suka haɗu ba mai gudu. Matan ma sukan yi wa juna rauni. Saboda haka ana ajiye su ne bibbiyu, zakara da mace ɗaya, ko zakara da mata biyu da suka tashi tare.

Kowane ɗaki ya kai aƙalla mita 1.5 a tsawo da mita 1 a faɗi, tsayinsa ya haura mita 1 don zakara ya miƙe ya yi cara ba tare da kansa ya taɓa rufi ba. Kajin da aka rena a ƙarƙashin gajeren rufi kan saba da sunkuyo. Tsakanin ɗaki da ɗaki a sa katako ko kwano daga ƙasa zuwa santimita 60, sannan raga ta ɗora a sama. Idan raga ce kawai, zakarun za su wuni suna sarar juna ta cikinta har baki ya tsage, yatsu su karye, su manta da ci.

Sandar kwana ita ce wurin da aka fi yin kuskure. Kada ta wuce santimita 30 zuwa 40 daga ƙasa, domin fukafukansu ba sa tare musu nauyi idan za su sauko, dirowa daga sama kuma kan fasa tafin ƙafa ya kumbura ya tara mugunya. Faɗinta ya kai santimita 5, samanta a shafe, a goge gefunan. Siririyar sanda tana lanƙwasa ƙashin ƙirjin ƙaramar kaza, kuma tunda ƙirjin tsirara ne, gugar katako mai kaushi kan haifar da ƙulli mai ruwa. 'Yan tsaki kada a ba su sanda sai sun kai mako 10 zuwa 12.

A ƙasa a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ɓarzan katako mai kaurin santimita 8 zuwa 10, a riƙa kwashe inda ya jiƙe kullum. Kada a ajiye su a kan raga ko siminti tsirara. A tanadi kwano mai faɗi da busasshen yashi gauraye da ɗan tokar itace don wankan ƙasa. Mazubin abinci da na ruwa a ɗaga su daidai da tsayin kafaɗar kazar.

Ƙarancin gashi ya sa sanyi da iska mai kaɗawa sun fi zafi cutar da su. A Japan da Turai ana shigar da su ɗaki a lokacin ƙanƙara. Mai kiwonsu a ƙasar Hausa kuwa daren hunturu ne abin kula: a rufe ɓangaren da iska ke bugowa da buhu ko tabarma, a bar sama a buɗe don iska ta riƙa fita. Da bazara kuma inuwa da ruwa mai sanyi, a canza shi sau biyu a rana.

Abinci

Babbar kaza ɗaya tana cin giram 50 zuwa 60 a rana. A auna, kada a cika mazubi a tafi. Ƙiba ce babbar abokiyar gabar wannan iri: tana rufe siffa, tana rage wa zakara kuzarin taka mace, tana hana macen yin ƙwai. Abinci mai furotin kashi 16 cikin 100 ya wadatar a lokacin hutu. Hatsi, gero ko alkama ko fasasshiyar masara, a watsa musu ɗan kaɗan da yamma a cikin shimfiɗa su yi tono, hakan na ƙarfafa ƙafa. Kada hatsin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da suke ci.

Abincin kajin ƙwai yana da kalsiyam mai yawa, wanda zakara ba ya bukata, kuma idan ya daɗe yana ci yakan taɓa masa ƙoda. Dabarar ita ce a ba su abinci ɗaya marar yawan kalsiyam, a ajiye dakakken ɓawon kawa a wani ƙaramin kwano. Macen za ta ɗiba gwargwadon bukatarta. A ajiye ƙananan tsakuwa ma, da su ƙundu ke niƙa hatsi. Ganye kamar latas ko zogale sau biyu ko uku a mako ya isa. Abincin da ya yi fumfuna a zubar, ba a shanya shi a sake bayarwa.

Haɗa iri da tara ƙwai

A jira macen ta kai wata 8 zuwa 10, zakaran ya kai shekara. Wata ɗaya kafin haɗawa a ba su maganin tsutsar ciki, a duba ƙwarƙwata, a koma abincin masu haihuwa mai ƙarin bitamin. Idan ƙaimin zakara ya yi tsini a goge tsinin ƙaimin da magagari, domin bayan macen ba shi da gashin da zai kare ta.

Kai zakara ɗakin macen, kada a kai ta nasa, kuma ka tsaya ka gani. Wani zakaran zai kira ta ga abinci, wani kuwa zai rufe ta da sara. Idan mai zafi ne, a sa shi cikin ƙaramin keji a cikin ɗakin kwana biyu ko uku su saba da ganin juna, ko a riƙa sakin sa gare ta awa ɗaya ko biyu da safe a mayar. Taka biyu ko uku a mako ya wadatar, domin mace tana ajiye maniyyin zakara a jikinta har kusan mako biyu. Wannan ne ma dalilin da ya sa idan aka canza mata zakara sai a jira mako uku kafin a tabbatar 'ya'yan na sabon ne.

A haɗa ne don gyara. Idan zakara yana da ɗan tsawon wutsiya, a nemo masa mace mai gajera ƙwarai. Aibi iri ɗaya a jikin uwa da uba kuwa ba a haɗa shi, sai ya ninku. Haɗa wa da ƙanwa tsara bayan tsara yana kawo ƙwai marasa zakara da 'yan tsakin da ke mutuwa cikin ɓawo. A sa wa kowace kaza zobe mai lamba, a rubuta uwa da uba a littafi, bayan tsara uku ko huɗu a shigo da sabon jini. An fi son a shigo da shi ta mace, a gwada 'ya'yanta shekara guda kafin a watsa su cikin sauran.

A kwashe ƙwai sau biyu a rana, a rubuta kwanan wata da lambar uwa da fensir. Kada a wanke su, wanki yana cire rufin da ke hana ƙwayar cuta shiga. A ajiye su tsinin yana ƙasa, a wuri mai sanyin digiri 13 zuwa 16 a ma'aunin Salsiyas, kada su wuce kwana 7. Inda zafi ya yi yawa, gindin randa ya fi ko'ina a gida dacewa, amma a rage kwanakin zuwa 4 ko 5. Mai tsagewa, mai siririn ɓawo da wanda ya fita daban a girma duk a ware su.

Ƙyanƙyasa

Macen Ko-Shamo tana kwanci, tana kuma kare 'ya'yanta, sai dai gajeren gashinta ba ya rufe fiye da ƙwai 5 ko 6. Idan aka ƙara, na gefe su huce, ta juya su zuwa tsakiya, a ƙarshe duk su lalace. Kazar gida mai kwanci ta fi ta iya wannan aiki. A sa mata ƙwan da dare bayan an tabbatar ta zauna kwana biyu ba ta tashi ba.

Idan injin ƙyanƙyasa ne, a kunna shi awa 24 kafin a sa ƙwai. Mai fanka a ciki ana tsayar da shi a digiri 37.5, marar fanka kuwa wajen digiri 38.5 idan an auna daidai saman ƙwan. Danshi kashi 45 zuwa 50 cikin 100 har kwana 17 ko 18, sannan a ɗaga zuwa 65 ko 70. A juya ƙwan aƙalla sau 3 a rana, sau 5 ya fi, a bar adadin ya zama mara don kada su kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Rashin juyawa na sa ɗan tayi ya manne wa ɓawo.

Ranar 7 a haska su da tocila a cikin duhu. Mai rai zai nuna jijiyoyin jini sun bazu, marar zakara zai fito fes, wanda ya mutu kuma zai nuna jan zobe. A fitar da biyun nan kafin su zama baragurbi su fashe. A sake haskawa ranar 14. Wanda yake da ƙaramin sikeli zai iya bin danshi ta nauyi: ƙwai ya kamata ya rage kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa zuwa ranar 18. Idan bai rage haka ba, danshi ya yi yawa, ɗan tsakon zai kumbura ya kasa juyawa. Idan ya zarce, zai fito ƙarami a bushe.

Kwanan ƙyanƙyasar kaza 21 ne, amma ƙananan ƙwai irin waɗannan sukan fara fasawa tun ranar 19 ko 20, shi ya sa ya fi kyau a daina juyawa ranar 17. Daga nan a bar murfin a rufe. Kowace buɗewa tana fitar da danshi, fatar cikin ƙwai ta bushe ta naɗe ɗan tsako. Daga fasa ɓawo zuwa fitowa yakan ɗauki awa 12 zuwa 24, kuma ɓare masa da hannu kafin lokaci na tsinka jijiyar da ba ta gama janyewa ba.

Rainon 'yan tsaki

A bar su su bushe a cikin injin, sannan a mayar da su akwatin ɗumi mai digiri 33 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage digiri 3 kowane mako. Su da kansu za su gaya maka: idan sun cunkushe ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, idan sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. Gashinsu yana jinkirin fitowa, don haka suna bukatar ɗumi har mako 6 zuwa 8, fiye da sauran kaji. Kada a shimfiɗa musu jarida ko leda, santsi yana baje ƙafafu. Tsohon tawul ya fi a kwanakin farko. A zuba tsakuwa masu tsabta a mazubin ruwa don kada su faɗa.

Abincin farko mai furotin kashi 20 cikin 100 har mako 8, sannan na masu tasowa mai kashi 16. Kada a tura su da abincin kajin nama don su yi saurin girma: jiki zai riga ƙashi, ƙafafu su karkace, kuma kazar ta zarce girman da ake so.

Faɗa yana farawa da wuri, wani lokaci tun mako 5 ko 6, kuma yakan ɓarke ne a rana ɗaya, sau da yawa bayan ruwa ya jiƙa su ko an canza musu wuri sun kasa gane juna. Rage hasken ɗaki da ba su fili da rataya musu ganye yana jinkirta shi, amma ba ya hana shi. Da zarar an ga jini a fitar da mai raunin, a wanke da ruwan gishiri, a shafa aidin, domin jan jini na jawo sauran su yi ta sara. Wanda aka raba kwana biyu ba ya komawa cikin 'yan uwansa lafiya. Tun ranar da aka sa ƙwai ya kamata a fara tanadin kejin da kowane ɗan zakara zai zauna shi kaɗai. Wanda ba shi da wurin kada ya ƙyanƙyashe da yawa.

Rigakafi da cututtuka

Rigakafin cutar Marek ana yin sa ne ranar farko. Na Nyukasil a makon farko, a maimaita a mako na 3, sannan duk bayan wata 3 ko 4, musamman gab da hunturu inda cutar ta fi ɓarna a Afirka ta Yamma. Na Gumboro tsakanin kwana 10 zuwa 14, a maimaita bayan kwana 10. Na ƙyandar kaji a mako 6 zuwa 8, ta huda fatar fiffike. Tsirarar fuskar Ko-Shamo tana jawo sauro, sauro kuma shi ke yaɗa ƙyandar. Likitan dabbobi na yankinku zai daidaita jadawalin. Rigakafin da ake sha a ruwa a haɗa shi da ruwan da babu kulorin, a ɗauke musu ruwa awa ɗaya kafin nan, su shanye cikin awa biyu.

Kashi mai jini da takurewa tsakanin mako 3 zuwa 8 alamar cutar hanji ce da ake kira koksidiyosis, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke kawo ta. Ana ba da maganin amfuroliyam a ruwa kwana 5 zuwa 7 bisa umarnin da ke jikin maganin, a canza shimfiɗa. Idan ɓawon ƙafa ya fara ɗagawa yana fari, wasu ƙananan ƙwari ne suka shiga ƙarƙashinsa: a jiƙa ƙafar da ruwan ɗumi da sabulu, a tsane, a shafe ta da basilin duk bayan kwana biyu har mako uku. Kada a ɓanɓare ɓawon. Mutuwar kaji da yawa farat ɗaya kuwa a sanar da hukuma nan take, kada a ci, kada a sayar.

Tantance waɗanda za a ajiye

Tun suna ƙanana a ware masu karkatattun yatsu, karkataccen baki ko ƙusumbi. Sauran a jira. A wata 6 tsayuwa da tsawon wutsiya sun bayyana, amma faɗin kai da kaurin fatar fuska da cikar kafaɗa ba sa kammala sai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Sau da yawa ɗan zakaran da ya fi kowa kyau a wata 4 shi ne zai zarce girma, wanda ake rainawa kuma ya fito daga baya.

A riƙa ɗaukarsu kullum. Ga ɗan Adam Ko-Shamo mai sanyin hali ne, yana saurin sabo. Ana sa hannu ƙarƙashin ƙirji, ƙafafu tsakanin yatsu, ɗaya hannun a kan baya. Ba a ɗaukarsa ta fiffike ko ƙafa. Wanda za a kai gasar nuni a riƙa sa shi cikin kejin nuni minti 15 a rana na mako biyu, a miƙa masa abin marmari daga sama don ya saba miƙewa idan mutum ya matso. Idan wanka ya zama dole a yi shi kwana 4 ko 5 kafin ranar, domin sabulu na sassauta gashi. Safiyar nunin a goge ƙafa da buroshi mai laushi, a shafa ɗigon mai a fuska da zanko da ƙafafu, a bi gashin da busasshen ƙyalle daga wuya zuwa wutsiya.